Lamfire a Faransa: An hana masunta su, amma wa zai hana dam da tarwaɗa?

Yau za mu ɗan ajiye maganar tsadar buhun abinci da canjin ruwa, mu leƙa Turai. Akwai wani kifi da ake rigima a kansa a Faransa, babu shi a ruwanmu ko ɗaya, amma in kun bi ni zuwa ƙarshe za ku ga tarwaɗa ta shigo cikin zancen. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Kifin ba shi da sunan Hausa, don haka zan kira shi lamfire, kusa da yadda Turawa ke faɗa. In ka gan shi a kwance sai ka ɗauka maciji ne. Dogo ne santal, wanda ke teku yakan kusa kai mita 1, ba ɓawo, ba ƙaya, guringuntsi ne kawai a jikinsa. Ba shi da muƙamuƙi. Bakinsa zagaye ne kamar bakin mazurari, cike da ƙananan haƙora, da shi yake manne wa wani kifin ya sha jininsa, kamar dai matsattsaku. Ramukan numfashi bakwai gare shi a kowane gefen wuya, ƙofar hanci ɗaya tak a saman kai. Irinsa ya daɗe a duniya ƙwarai: an tono burbushinsa cikin dutse a Afirka ta Kudu da aka ƙiyasta ya kai shekara miliyan 360.

Na san wani zai ce, wannan mummunan abu wa zai ci? Ai kuwa abincin manya ne a can. A Ingila labari ya shahara cewa Sarki Henri na 1 ya mutu a 1135 bayan ya cika cikinsa da lamfire duk da likitansa ya hana shi. A Fotugal ana dafa shi da shinkafa, mutane na tafiya mai nisa don su ci a lokacinsa. A yankin Bodo na Faransa da jininsa da giya suke haɗa miyar, ka ga wannan ba cimarmu ba ce, amma su abin alfaharinsu ne, har akwai ƙauye a bakin kogin Dordon mai suna Sant-Ter da ke kiran kansa babban birnin lamfire. Iyalai da dama a yankin sun gaji wannan su kaka da kakanni, da raga da kuma dogon tarko irin gurarmu.

A 2023 aka rufe sun lamfire a yankin Jirond, inda kogunan Garon da Dordon ke haɗuwa su faɗa teku, bayan masu kare muhalli sun kai ƙara kotu a Bodo. Tun 2019 dama an sa kifin cikin jerin waɗanda ke fuskantar ƙarewa a Faransa.

Ra'ayina a kai shi ne: rufe sun daidai ne, ba yadda za a yi. Amma in an tsaya a nan, an bar jaki ne ana dukan taiki. Masunci shi ne mafi saukin kamawa a cikin duk masu laifin, shi ya sa aka fara da shi.

Kafin a gane dalilina sai an san yadda kifin nan ke rayuwa, domin a nan duk matsalar take.

Lamfire a kogi ake haifarsa. Iyayen sukan nemi wuri mai tsakuwa inda ruwa ke gudu, su riƙa ɗaukar duwatsu da baki suna jerawa har su yi ɗan rami, mace ta zuba ƙwai fiye da 100,000. Suna gamawa su mutu, su biyun. Sau ɗaya tak suke haihuwa a rayuwa. Ɗan da ya ƙyanƙyashe kamar tsutsa yake, ba ido ba haƙori, sai ya gangara inda ruwa ya lafa ya nutse cikin taɓo, yana tace ƙazantar ruwa yana ci. A nan zai zauna shekara huɗu, biyar, wani lokaci fiye. Sannan ya rikiɗe, ido ya fito, haƙora su fito, ya gangara teku ya yi shekara ɗaya zuwa biyu yana shan jinin manyan kifaye. Da ya ƙosa sai ya juyo kogi. Daga ranar da ya shigo ruwan daɗi ya daina cin abinci ke nan, kitsen jikinsa ne zai kai shi inda zai yi ƙwai.

Ku lissafa da kyau. Kifi ɗaya na buƙatar tsakuwa, yana buƙatar taɓo mai tsabta na shekaru, yana buƙatar teku mai kifi, yana kuma buƙatar hanya a buɗe tsakaninsu, zuwa da dawowa. Ɗaya ta lalace, an gama.

Akwai kuma wani abin mamaki. Lamfire ba ya neman kogin da aka haife shi. Ƙanshin 'ya'yan da ke cikin taɓo yake bi, wani sinadari suke saki a ruwa, babban ya ji ya san wannan kogin yana raya yara. Ma'ana, kogin da yaransa suka ƙare, manyan ma za su rage shiga. Da zarar abu ya fara lalacewa shi ke tura kansa gaba.

To, hujjar masu kare muhalli tana da ƙarfi, ba zan rage mata komai ba. Duk lamfiren da masunci ya kama a bakin kogi, wanda bai taɓa yin ƙwai ba ne, kuma ba zai yi ba. Kamar ka shiga gonar mai ƙyanƙyasa ne ka kwashe iyayen kifi ana gobe za a yi musu allura. In kifi na da yawa, kogi zai iya ɗaukar wannan asarar. In ya ragu, ba zai iya ba. Masunta kuma kan ce ai mu muna kamawa kamar da, ina ƙarancin yake? Wannan ba hujja ba ce. Kifin da dole ya bi ta ƙofa ɗaya, mai raga a ƙofar zai ci gaba da cika kwalekwale har zuwa na ƙarshe. Wuraren ƙidaya da ke jikin madatsun ruwa na Golfesh a Garon da Tuliyer a Dordon sun nuna gaskiyar: a shekarun 2000 dubbai ke wucewa, a 'yan shekarun nan kusan babu.

Saboda haka na yarda a ajiye raga. Tambayata ita ce, sai kuma me?

Ba sai an je nesa neman amsa ba, wannan ruwa na Jirond ɗin ya riga ya ba da ita sau biyu. Akwai wani kifi mai suna alos, shi ma daga teku yake hawowa ya yi ƙwai. An dakatar da kama shi a 2008. Shekaru sun shuɗe, bai dawo yadda yake ba. Akwai kuma istajin, babban kifin nan da ake sayar da ƙwansa da tsadar gaske. An haramta kama shi a Faransa tun 1982. Haihuwarsa ta ƙarshe da aka sani a cikin kogi a 1994 ce. Yau da ba don gidan ƙyanƙyasa da ke riƙe da iyayen yana sakin 'ya'ya ba, da sai dai a hoto. Sau biyu ana korar masunci daga ruwa, sau biyu kifin na ci gaba da tafiya. Ruwa ba ya tsami banza.

Na farko cikin abin da ya tsamar da shi, madatsun ruwa. An datse Garon a Golfesh, an datse Dordon a Barjarak da Tuliyer da Mozak. An yi wa kifi hanyoyin wucewa, har da wani abu kamar lif da ke ɗaga su sama, amma ba duka ke samun ƙofar ba, waɗanda suka samu ma sun ɓata kwanaki. Ku tuna kifin ba ya cin abinci, kowace rana da ya yi yana zagaye a gindin dam daga kitsen ƙwansa ake cirewa.

Na biyu, haƙar tsakuwa. Shekara da shekaru ana kwasar tsakuwa da yashi daga cikin kogunan nan ana gini, sai a 1994 aka hana haƙa a tsakiyar kogi a Faransa. Dam kuma ya tare sabuwar tsakuwar da za ta gangaro daga tudu ta maye gurbi. Kifi ya iso, ba wurin yin gida. Mu da muke ganin tifa-tifa na layi a bakin kogunanmu kullum, wannan ba baƙon labari ba ne.

Na ukun shi ne ya sa na kawo zancen nan shafin.

Akwai wata ƙatuwar tarwaɗa a Turai, silur suke ce mata. Asalinta gabashin Turai ce, wajen kogin Danub. Takan wuce mita 2, takan wuce kilo 100. Ba 'yar kogunan kudu maso yammacin Faransa ba ce, kawo ta aka yi. A 1983 aka sake ta a kogin Tarn, wanda ke zuba cikin Garon, don masu kamun kifi da ƙugiya na nishaɗi su samu ƙaton abin ɗaukar hoto. Ta ji daɗin wurin, ta yaɗu ko'ina. A birnin Albi har ɗaukarta aka yi a bidiyo tana fitowa gaɓa tana cafke tattabarun da suka zo shan ruwa. Duk wanda ya taɓa haɗa manyan tarwaɗa da ƙanana a tafki ɗaya ya kwana biyu bai tace ba, ba sai an yi masa bayanin halinta ba.

Masu bincike sun so su san me take yi wa lamfire. Suka kama guda 49 a Garon da Dordon, suka sa wa kowanne 'yar na'ura mai aika sigina, wadda ke canza siginar in ruwan cikin wani kifi ya taɓa ta. Sakamakon ya fito a 2020: cikin wata ɗaya an cinye 39. Kashi 80 cikin 100 ke nan. Gaskiya ne 49 ba yawa ba ne, kuma shekara ɗaya ce, ruwa ma ya yi ƙasa a lokacin. Amma ko ka raba adadin biyu, abin tsoro ne. Kuma dam da tarwaɗa aiki ɗaya suke yi: dam ya tsare kifi wuri guda, tarwaɗa ta kwanta a gindinsa tana jira. An dafa mata, an zuba mata a kwano.

Yanzu ku duba yadda hukuncin ya faɗo. Mai dam kamfanin lantarki ne, ƙasa na buƙatar wuta, ba mai taɓa shi da sauƙi. Masu haƙar tsakuwa sun ci kuɗinsu sun tafi tun tuni. Masu son tarwaɗar suna da yawa, suna da ƙungiyoyi, yawancinsu ma in sun kama ta hoto kawai suke ɗauka su mayar da ita ruwa. Sai masunta 'yan tsiraru masu lasisi, waɗanda hukuma ke da sunansu da lambar kwalekwalensu. Takarda ɗaya aka sa wa hannu, sana'ar ta tsaya. An kuma samu abin faɗa a jarida cewa an ɗauki mataki.

Wannan ne ban yarda da shi ba. Kuma akwai asarar da ba a lissafawa: masuncin nan shi ne idon kogi. Shi ya san daren da kifi ke hawowa, da ramin da tarwaɗa ke kwana. In ya sayar da kwalekwale ya koma wani aiki, ɗansa ba zai gaji sanin ba. In an yi adalci, an ɗan fara gane haka, domin an sa wasu masuntan aikin kama lamfire da rai a kai shi ƙananan koguna irin Siron da Dron inda tarwaɗar ba ta yi yawa ba, ana kuma gwada rage ta a gindin madatsu. Abin da nake cewa shi ne wannan aikin ya kamata ya zama babba, hanin ya zama ɗan rakiya. Yanzu a juye abin yake.

Wani zai ce faɗa da baki sauƙi gare shi, ina aka taɓa yi ya yi aiki? An yi.

A Fotugal, kogin Mondego na da dam a tsakiyar birnin Kwimbira wanda ya daɗe yana tsare kifi. A 2011 aka gina masa sabuwar hanyar wucewa mai kyau. Dubban lamfire suka riƙa bi, bayan 'yan shekaru aka ga 'ya'yansa sun ƙaru sosai a taɓon da ke sama da dam ɗin. Ba a kori masunta ba, an zauna da su ne aka yanke wasu kwanaki a tsakiyar lokacin su da kowa zai ɗaga raga kifi ya wuce. Ba wai Fotugal ta tsira ba ne, su ma shekarun nan suna kukan ƙaranci da tsada, abin da ke nuna akwai matsala a teku da kuma fari. Amma kogin da aka buɗe wa hanya yana da yara a taɓo da za su jira shekara mai kyau.

A Amurka kuma, a kogin Kolambiya, akwai wani nau'in lamfire da ƙabilun asali irin Yakama da Umatila da Nez Pas ke ci tun kafin zuwan Turawa, suna busar da shi, abincin bukukuwansu ne. Da aka gina manyan madatsu, irin na Bonabil a 1938, an yi matakalar kifi, amma don kifin salmon aka auna ta, wanda ke da ƙarfin tsalle. Lamfire ba ya tsalle. Manne baki yake yi a bango, ya huta, ya zabura gaba, ya sake mannewa. In ya zo kwana mai kaifi bakin ya saki, ruwa ya mayar da shi baya. Kusan rabi ke kasa wuce dam ɗin farko, ga wasu a gaba. Ƙabilun nan ba su jira ba. Tun wajen 2000 mutanen Umatila suka fara kwasar manyan a mota suna tsallake madatsu da su, suna sakewa a kogunansu, don a samu yaran da ƙanshinsu zai jawo wasu. Aka matsa wa hukuma ta gyara kwanonin matakala, ta kafa wasu faranta na ƙarfe masu santsi da kifin ke hawa da baki. Kifi ya fara dawowa inda aka daina ganinsa. Ku lura, masu cin kifin ne suka tsaya masa. Ba don suna cinsa ba, da ba wanda ya damu da mummunan kifi irin wannan.

Na san tunanin da ke zuciyar ɗan wannan shafi, don mu komai muka ji yana da tsada sai mu ce a kiwata. Ku cire rai. Kajin gidan gona sati shida ne. Tarwaɗa wata huɗu zuwa shida ta kai kilo. Lamfire shekara biyar yana cikin taɓo bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba, bayan nan kuma sai ka samo masa kifi mai rai da zai riƙa tsotsa shekara ɗaya ko biyu a ruwan gishiri. Wa zai zuba jarinsa? Ana ƙyanƙyasar ƙwansa a Amurka da wasu ƙasashen Turai, amma don a zuba a kogi ne. Tafkin siminti ba zai ceci wannan kifin ba, ko kogi ya gyaru ko ya tafi.

Wani abin dariya kuma, wannan kifin da Faransa ke kuka a kansa, a manyan tabkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada kashe shi ake yi da kuɗin gwamnati. Can baƙo ne, ta hanyar ruwan da aka haƙa wa jiragen ruwa ya kutsa, ya tarar da kifayen da ba su san shi ba. Kamun wani babban kifinsu da ke kai kusan kilo miliyan 7 a shekara ya faɗo zuwa kashi 2 cikin 100 na hakan a farkon shekarun 1960. Ƙasashen biyu suka kafa hukuma a 1955, aka gwada sinadarai sama da 6,000 kafin a samu wanda ke kashe 'ya'yansa a taɓo, har yau kuma duk shekara sai an zuba. Har ta kai a 2012, da birnin Gulosta na Ingila zai aika wa Sarauniya abincin lamfire na al'ada, daga waɗannan tabkunan aka kawo kifin, don na gida ya yi ƙaranci. Kifi ɗaya, a gidansu abin tausayi, a gidan wasu annoba. Labarin silur ne aka juya.

A nan ne abin ya zo kanmu. Wanda ya saki silur a Tarn a 1983 bai yi da mugunta ba, kuma na tabbata bai taɓa tunanin lamfire ba. Tarwaɗar da muke kiwo, a wurinmu 'yar gida ce, amma inda aka kai ta kiwo ta tsere, irin Brazil da Kuba, ta zame musu bala'i, Indiya ma haramta kiwonta ta yi. Mu kuma yanzu kowa na neman sabon iri mai saurin girma. Ana shigo da iyaye daga waje, ana haɗa jinsi da jinsi, ana tallar kifayen Asiya a waya. Duk damina tafkunan ƙasa na ambaliya, abin da ke ciki ya bi rafi. Wasu kuma in kifi ya ƙi girma ko ciwo ya kama shi, sai su buɗe bututu su huce haushi a kan kogi. Abin da ya shiga kogi ba ya fitowa. Faransa da duk kuɗinta ta kasa kwashe tarwaɗa ɗaya.

Maganar dam ma mun san ta. Mutanen Haɗeja da Nguru za su gaya muku yadda ambaliyar da kifi ke bi ya yi ƙwai ta canza bayan Tiga da Challawa, da yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Hana su na wani lokaci kuwa ba Turawa suka koya mana ba, a Argungu ana killace Matan Fada har sai ranar biki, kuma ana bi, don masu ruwan ne da kansu ke tsaro. Duk ranar da wata hukuma ta tashi ceto kifin kogunanmu, ina fata ba za ta fara da ƙwace ragar talaka ta tsaya nan ba.

Kafin ruwa ya sauka, mai tafkin ƙasa ya ɗaga gaɓarsa, ya sa raga mai ƙananan ido a bakin bututun fita. Mataccen kifi da wanda ya kamu da ciwo a binne shi. Wanda aka kawo wa sabon iri ya tambayi sunansa da inda ya fito kafin ya biya.

'Yan uwa na Yawuri, Haɗeja, Baga da Diffa, wane kifi ne kuka taso kuna gani a kasuwa wanda yanzu ya yi wuya? Ku rubuta sunansa da garinku a ƙasa.